Alhaji Ya Shiga Ƙungiyar Hawan Dutse

Shekarun baya kaɗan, in aka ga mai abin hannunsa yana taka sayyada a bakin titi, har gida ake bin sa da jaje. Ko mota ta lalace, ko kasuwa ta karye. Amma yau mutumin da ko goro zai saya a kan kwana sai ya aiki yaro, shi ne ya sayi kambas da jakar goyo da sanda mai naɗewa, ya shaida wa iyalinsa ranar Asabar zai tafi hawan dutse. Likita ne ya jawo, da ya auna shi ya ga suga da hawan jini. Sai dai shi likita zagaya unguwa ya ce a riƙa yi bayan sallar Asuba. Zagayen unguwa kuwa ba ya kyau a hoto, shi ya sa aka ɗaga maganar zuwa kan duwatsu.

Duwatsun kam Allah ya hore mana su. Ga Shere a gabashin Jos, ƙololuwarsa ta kai mita 1,829, a gindinsa kuma akwai makarantar da ake horar da 'yan Man O' War. Ga dutsen Riyom, wanda aka ɗora manyan duwatsu kan juna har mai wucewa ya riƙa jin tsoron iska. Ga Kufena a wajen Wusasa ta Zariya, ɗan keke ma zai kai ka kusa da shi. Bakano yana da Dala a tsakiyar birni, matakala 101 kacal, ya yi shekara hamsin yana hangen sa daga Kurmi bai taɓa hawa ba. Dala ba ya cikin lissafi, don duk wanda ya gan ka a can ya san ba ka kashe ko sisi ba.

Sabuwar ƙa'idar 'yan ƙungiya ita ce a tafi a motar haya. In ka tambaye su dalili, za su ce don a cuɗanya da jama'a, a ga ƙasa da ido. Ni dai na lura wannan son jama'ar bai taso ba sai bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

An yi alkawarin haɗuwa a tasha ƙarfe shida na safe don tafiya Shere, kafin rana ta yi zafi. Shugaban ƙungiya da ya sa lokacin shi ne ya iso ƙarfe bakwai da rabi, yana ba da labarin sanyin Jos. Ɗan kamasho yana ta kururuwar saura mutum ɗaya, aka leƙa mota aka gan ta cike, aka yi hamdala aka biya. Kuɗi na shiga aljihu sai fasinjojin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ashe 'yan tasha ne aka zaunar don su jawo irin su Alhaji. Sai wajen ƙarfe goma mota ta cika da gaske: mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhun masara a but, kaji a ƙarƙashin ƙafa. Alhaji ne aka haɗa da wani ƙato a kujerar gaba, rabin jikinsa kan giya, duk sanda direba zai sa lamba uku sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga min ƙafa." Jakar goyon da aka sayo da tsada, wadda aka ce ruwa ba ya ratsa ta, an ɗaure ta a bayan mota tare da jarkar manja. Ruwa kam bai ratsa ta ba.

A ganina a nan motsa jikin yake ƙarewa. Wanda ya yi awa guda a naɗe haka ya ba kowace gaɓa haƙƙinta, da zai juya gida daga nan da likita ma ya yaba masa.

Amma ina, an sauka a bakin hanya, an jeru, an tambayi wani dattijo mai noman dankalin turawa inda hanyar hawa take. Ya dube su daga hula zuwa kambas ya ce, "Lafiya dai? Wani abu ne ya ɓace muku a can?" Aka ce a'a, hawa kawai za a yi. "In kun hau fa?" Aka ce sai a sauko. Dattijo ya yi shiru, don ya san duk wanda ya zo daga birni da jaka da sanda, in ba kuza yake nema ba to fili yake aunawa, kuma ƙasar Filato ta ga masu haƙar kuza tun zamanin Turawa. Da ya tabbata waɗannan ba su da wayon ko ɗaya daga ciki, sai ya nuna da haɓa ya ce, "Nan kusa ne, bayan dutsen can." Duk wanda ya taɓa tafiya a karkara ya san abin da "nan kusa" yake nufi. Bayan dutsen can akwai wani dutsen, shi ma yana da bayansa.

Ba a yi nisa ba numfashi ya fara sarƙewa. Alhaji ya zauna kan fa, wai yana kallon ikon Allah. Ana cikin kallon ne wata mata ta ɓullo daga sama tana gangarowa, damin itace a kafaɗa, goyo a baya, silifas ɗin ƙafarta an ɗaure igiyarsa da waya. Ta ce musu sannu da aiki, ta raɓa su ta wuce ko haki ba ta yi. Kafin su kai rabi ta sake wuce su tana hawa. Wani ɗan Fulani da bai wuce shekara goma ba ya biyo su da awakinsa, ya daɗe yana nazarin sandar Alhaji, daga baya ya tambaya ko shanun suna baya ne. Ita matar ba wanda ya taɓa ce mata 'yar wasan motsa jiki, ba ta da ƙungiya ba ta da riga mai tambari, kuma da za a shimfiɗa mata kwalta har gindin itacen da ta gode.

A ƙololuwa ba wanda ya dubi gari. Kowa ya ɗaga waya sama yana neman sabis, aka yi hoto a tsaye, aka yi a zaune, aka yi na ba da baya da hannu a buɗe. Aka baje kilishi da dambun nama da lemon kwalba, aka mayar da duk abin da aka ƙona har da riba. Ledojin kuma aka bar wa awaki.

Saukowa ta fi hawa wuya, gwiwa ce take biyan bashi. Da suka dawo bakin hanya magariba ta kawo jiki, kuma babu wanda ya tambaya tun da safe ƙarfe nawa motar ƙarshe take wucewa. A ƙauye, in ba ranar kasuwa ba, mota da wuri take ɗaukewa. Motar da ta tsaya musu ta dankali ce, direban ya ce gaba a cike take, amma saman buhuna akwai wuri, iska ma ta fi kaɗawa a can. Wannan ne kaɗai ɓangaren tafiyar da bai fito a WhatsApp ba.

Yanzu ƙungiya ta ce Shere ya yi mata kaɗan. Chappal Waddi za a nufa, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun Gashaka-Gumti a jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, inda kwanaki ake yi a ƙafa. Kowa ya rubuta in sha Allahu a zauren WhatsApp. An shiga wata na uku ana gardama kan launin rigar da za a ɗinka, ma'aji kuma ya fita daga zauren da kuɗin rigar.