Littafin Dodo a Bencin Mai Shayi

Mu 'yan kwamfutar unguwar nan Allah Ya hore mana baiwar tara littattafai. Karanta su kuwa, kullum sai bayan Sallah.

Ka zo bencin mai shayi bayan Isha'i ka ce kana son koyon haɗa kwamfaila, wato manhajar nan da ke tafinta tsakanin abin da mutum ya rubuta da yaren da inji ke ji. Kafin shayinka ya huce, mutum uku sun ce ka buɗe Xender. Wannan ya turo maka littafi ashirin, wancan ya ce yana da darussan CS50 na Jami'ar Harvard kakaf, na uku ya zaro filas daga aljihu kamar mai fito da laya. Tambaye shi wanne ya sauke, sai ya gyara zaman hula ya ce ai shi yanzu bincike yake yi. Kayan namu kwanukan jeren amarya ne: a goge, a nuna wa baƙi, amma ba a cin tuwo a ciki.

Sarkin jeren shi ne wanda muke kira Littafin Dodo, saboda hoton da ke bangonsa: wani jarumi sanye da sulke yana artabu da ƙaton dodo. Alfred Aho da Ravi Sethi da Jeffrey Ullman suka fitar da shi a 1986, sannan Monica Lam ta shigo a bugun 2006, wanda ya kai shafi dubu. Duk mun haddace wannan tarihi. Mun san dodon littafin da ya gabace shi a 1977 kore ne, na 1986 ja, na 2006 shunayya. Mun san Aho da Ullman sun ci lambar yabo ta Turing ta 2020. Abin da ke bayan babi na huɗu ne dai babu wanda ya taɓa zuwa ya dawo da labari. Ni kaina sau uku ina ɗaura niyya, sau uku dodon yana kayar da ni a wuri guda.

A makaranta ma haka muka yi. Muka sayi handawut, muka zana da'irori da kibiyoyi, muka zuba wa malami abinsa a takardar jarrabawa, muka fito ba mu rubuta ko layi ɗaya da inji zai karanta ba. Daren jarrabawa kuma sai a sayi datar dare a koma wajen malaman Indiya na NPTEL a YouTube, a ƙara wa bidiyon gudu har malamin ya koma kamar mai gwanjo. Allah Ya saka musu, sun fitar da mu kunya ba sau ɗaya ba.

Ran nan muna cikin musun wane littafi ya fi wane, sai ga Baba Malam, mai karantar da nahawu a zauren bayan masallaci, ya zo sayen burodi. Ya ce, “Samari, wannan hayaniya fa? Siyasa ce?”

Na ce, “A'a, Allah gafarta Malam, karatu ne.”

“To, me abin naku yake yi?”

Na lalubo bayani. Na ce da farko yana tsinka rubutu kalma-kalma, ya ware suna daban, lamba daban, alama daban. Sannan ya duba yadda suka jeru, wace kalma ke riƙe da wace. In ya ga 2 + 3 × 4, dole ya gane cewa ukun da huɗun ne ke haɗe, amsa ta zama 14, ba 20 ba. Bayan nan ya duba ko maganar tana da ma'ana, kada a ce a tara suna da lamba. Sai a ƙarshe ya juya ta zuwa umarnin da inji zai bi.

Baba Malam ya yi murmushi. “Ashe i'irabi kuke koya wa ƙarfe. To da wane littafi kuke farawa?”

Aka nuna masa Dodo a waya, aka gaya masa yawan shafukan. Ya girgiza kai.

“Yaro, a zaurena babu wanda ke taɓa Alfiyya sai ya sauke Ajurrumiyya. Ku kun tsallake ƙaramin kun rungumi babban, ga shi ya danne ku.” Ya karɓi burodinsa ya wuce.

Aka yi tsit. Mai shayi ne kawai ya yi dariya, har da buga ludayi.

Abin haushin, Ajurrumiyyar tamu tana nan cikin wayoyinmu tun tuni. Akwai ɗan siririn littafin Niklaus Wirth, mutumin da ya ƙirƙiro yaren Pascal. Akwai darussan Nand2Tetris na Noam Nisan da Shimon Schocken, inda za ka fara daga ƙwayar lantarki guda har ka haɗa kwamfuta da kwamfailarta. Mun raina su ne don ba su da kaurin da za a yi taƙama da shi.

Wanda ya ba mu kunya ƙanen mai gyaran waya ne, yaron da ko wurin zama ba ma ba shi a benci. Littafi ɗaya tal ya riƙe, Crafting Interpreters na Robert Nystrom, wanda ake karantawa kyauta a intanet. Marubucin yana kama hannunka ku gina ɗan ƙaramin yare mai suna Lox sau biyu, na farko da Java, na biyu da C. Yaron ya bi shi babi-babi a tsohuwar kwamfutar yayansa. In an ɗauke wuta, sai ya ci gaba a littafin rubutu da biro. Da ya gama rabin farko sai ya sauya kalmomin umarnin zuwa Hausa: “idan”, “muddin”, “buga”.

Ya kawo mana muka gani. Na karɓa na rubuta “ƙidaya”, abin ya tsaya cak, wai bai san wannan baƙin ba. Na ji sanyi a raina, na ce ga shi nan, ai na faɗa.

Yaron ya leƙo. “Yaya, ba komai ba ne. Mai tsinka kalmomin haruffan Turanci kawai aka gaya masa, bai san masu lanƙwasa ba.” Ya nemo wurin, ya ƙara ɓ da ɗ da ƙ, ya sake kunnawa. Kwamfutar ta ƙirga daga 1 zuwa 10 lafiya lau.

Muka dubi juna. Can mai filas ya yi gyaran murya ya ce, “Kai, ƙane, wane littafi ka ce? Buɗe Xender ka turo mana.”

Ni ma na karɓa. Yana nan kusa da Dodo.