Ranar da Abba Ya Kore Ni Daga Gida

Abba shekararsa biyu da rabi, kuma kalma ɗaya ya ƙware a kanta cikin harsuna biyu: a'a. Sunan mahaifina ya ci, saboda haka ko tsawa zan yi masa sai na ji nauyin bakina, shi kuma kamar ya san da haka. Karatun uwargida ne ya kawo mu Gilasgo, muka kama haya a hawa na uku na irin tsofaffin benayen nan na jan dutse, waɗanda ba su da lif sai matakala. In ta tafi jami'a, gida ya rage daga ni sai shi.

Wata rana a Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, na ce bari in burge ta da miyar kuɓewa. Na ɗora manja. Duk wanda ya san manja ya san ba ya soyuwa sai ya yi hayaƙi, amma Turawan Sikotilan ba su yi shawara da manja ba da suka kafa dokarsu ta 2022, wadda ta ce ƙararrawar gobara ta kowane gida a haɗe take da 'yan'uwanta. Ta kicin ta fara, ta falo ta amsa, ta baranda ta ɗauka. Abba ya hau tafi yana rawa.

Na kashe wuta, na yi ta fifita da sallaya har suka yi shiru. Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar da ke daura da mu ce. Na leƙa waje in ba ta haƙuri, daga ni sai singileti da wandon barci, ba takalmi. Taku biyu na yi. Na ji "gam!" a bayana.

Ƙofofin nan da kansu suke kulle kansu. Makulli na kan teburi, waya na kan kujera, Abba na ciki yana dariya.

Na durƙusa a gaban ramin da ake zura wasiƙa, na ɗaga murfin, muka haɗa ido.

"Babana, miƙo mini makulli, ka ji? Ga shi can."

Ya ruga da gudu, na ce alhamdulillahi, yaron nan akwai basira. Ya dawo ya zuro mini cokali. Daga nan burushin haƙori, sai safa ƙafa ɗaya, sai janbakin mamarsa, sai ragowar biredin da ya tauna. Tsohuwa na tsaye tana ta magana. Turancin Gilasgo kuwa, wanda ya ce yana ji duka a shekararsa ta farko ya faɗa ne kawai. Na dai tsinci lamba 999 da sunan 'yan kwana-kwana, na ce mata don Allah ta dakata. Ina zan sa kaina a zo da jiniya a tarar da magidanci a durƙushe yana roƙon ɗansa?

A Katsina wannan ba zai taɓa faruwa ba. Ƙofar ɗaki labule ce, kuma kafin yaro ya kai gare ta hannu goma sun riga sun cafe shi: goggo, yaya, matar kawu, 'yar maƙwabta da ta shigo aron turmi. Nan kuwa mu biyu ne rak a kan yaro ɗaya, kuma kullum shi ke cin wasan.

Sanyi ya fara shiga ƙashina. Na murtuke fuska ta cikin ramin na ce, "Wallahi in na shigo..." sai na tuna tun 2020 ƙasar nan ta hana taɓa yaro ko da ɗan dunguri ne, ga kuma shaida a tsaye a kaina. Na ƙarasa maganar da murmushi.

Can dabara ta zo. Na daure murya na ce, "Abba, kul! Kada ka kuskura ka taɓa makullin nan. Na Baba ne."

Ko minti ɗaya ba a yi ba makulli ya faɗo a cinyata.

Na shiga na tarar ya juye garin kuɓewa a kan kafet yana tuƙa mota a ciki. Tsohuwa ta biyo ni da biskit, shi ta ba, ni ko kallo.

Da daddare uwargida ta yi dariya har da hawaye, ta kira Hajiya a bidiyo don kada labari ya kwana. Na zaci uwa za ta tausaya wa ɗanta. Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ina angon nawa? Allah ya yi maka albarka, maigida. Gidanka ne, wanda ka ga dama shi zai kwana a ciki." Sannan ta juyo kaina: "Kai kuma, wa ya ce maka ana barin manja ya ƙone?"