Mu da Katangunmu Idan Damina Ta Kankama

Mu mutanen Nasarawa GRA ba ma tuna bango sai Agusta ta raba tsakiya, fenti ya kumbura, farin gishiri ya feso a gindin katanga. Nan take Alhaji zai aika a kira mai fenti, Hajiya ta ce lallai sai irin man hana ruwan nan da aka shafa a gidan maƙwabta, mai sa jan bulo sheƙi. A shafa wa bango yana jiƙe sharkaf, a sallami mai aiki, kafin hunturu ya wuce abin ya fara ɓarewa. Sai mu ce ai jabu aka sayar mana.

To jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Mu ne muka ɓoye kwanon rufi a bayan bango don gidan ya yi fasali, muka hana katanga inuwar da za ta kare ta. Mu ne muka malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, muka manna fulawa a jikin gini, mai gadi yana ba ta ruwa safe da yamma, kwatar waje kuwa ta cika da leda, kowa yana jiran maƙwabcinsa ya fara yashewa. Danshin daga ƙasa yake hawowa, daga sama yake tsiyayowa, mu kuma sai mu sa wa bangon rigar leda mu hana shi numfashi. Abin da ya shiga ba shi da ta fita, sai ya ci yaɓen daga ciki.

Ga Gidan Ɗan Hausa nan a unguwarmu, inda wani Bature, Hanns Vischer, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909. Ginin ƙasa ne, yana tsaye. Maginan zamanin da suna yaɓe da makuba ta kwasfar ɗorawa, su yi laso da katsin marina, su sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango, sannan duk shekara su koma su duba.

Man hana ruwan yana da ranarsa, amma a busasshen bango, da rani, kuma irin wanda ke barin danshi ya fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. Alhaji, kafin ka kira mai fenti bana, kira magini ya toshe tsaga, ya gyara indararo, mu kuma fito ranar Asabar mu yashe kwata.