Mushe da Amalanken Godiya

A ƙauyukan Cadakori, ikilisiya ba ta da ɗan ƙwadago. Mu masu bi a Nijar ko ɗaya cikin ɗari ba mu kai ba, a garinmu kuwa sai an haɗa da jarirai da baƙon da ya kwana kafin bencuna su cika. Tun da ƴan mishan na SIM suka sauka Damagaram a 1924, suka gangaro Tsibirin Gobir, har aiki ya koma hannun ƴan ƙasa, abin da ke riƙe da ƙananan majami'u irin tamu shi ne hannun jama'a. Fastonmu ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, amma da damina shi ma a gona yake yini da hauyarsa. Abin da ke cika masa rumbu zakkar hatsi ce, dami ɗaya cikin goma, da abin da aka kawo ranar godiyar kaka.

Kowa kuma ya san aikinsa ba tare da an rubuta ba. Wani tsoho ne ke buga ƙararrawa, wato ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a dogonyaro. Uwar zumuntar mata ke da tukunya. Samari ke yaɓen bango in ruwa ya zaizaye shi. Haka na tarar, kuma da haka zan bari, ba don an naɗa ni sakataren kwamitin godiya ba.

Ni malamin lakwal ne, Mushe ake ce mini, kuma muna da wata cuta: abin da ba a rubuce yake ba, ba mu yarda akwai shi ba. Na duba na ga ai wannan danniya ce, mutum ɗaya da aiki ɗaya har tsufa. Na samo babbar takarda, na ja layuka da jan biro, na jera sunayen jama'a bisa abacada kamar yadda nake kiran yara da safe, na jera ayyuka a ɗaya gefen. Duk wanda sunansa ya yi daidai da aiki, nasa ne. Har hujja na kawo daga Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka ware mutum bakwai don rabon abinci. Fasto ya yi gyaran murya ya ce, "Mushe, ai su can duba halinsu aka yi aka zaɓe su." Na ce Baba Fasto, zamani ya ci gaba. Ya yi shiru irin na manya.

Takarda ta yi rabonta. Tsohon ƙararrawa, wanda kunnensa ya yi nauyi tun fari na 1984, ya samu jan waƙa. Uwar zumunta ta samu korar awaki daga harabar majami'a. Tuƙin tuwon taro ya faɗa kan wani saurayi da bai san kan muciya da gindinta ba. Ni kuma, da hannuna, na rubuta wa kaina kwaso dammunan godiya daga gonaki da amalanke.

Maiɗakina ta ce, "Maigida, kai da ko jaki ba ka taɓa ɗora wa mangala ba?" Na ce mata amalanke ba lissafi ba ne.

San da amalanken na wani maƙwabcinmu Musulmi ne, wanda kowace kaka yake ba mu aro, ya haɗa mu da ɗansa ya kora. Na ce a bar yaron, sunansa ba ya cikin takarda. Malam ya dube ni, ya dubi san, ya ce, "To Mushe, Allah ya kiyaye hanya." Yanzu na gane da san yake.

Ashe lodin dami ilimi ne. Ana sarƙa su ne kai da gindi, a gicciya na sama, a ja igiya har ta yi kuka. Ni na jera su kamar littattafan yara a kan tebur, na ɗaura igiya sau ɗaya don ladabi, na hau can ƙoli na zauna. Da farko tafiya ta yi daɗi, har ina ɗaga wa mata masu sussuka hannu.

Sai muka shiga gonakin sassaben zamani. Duk ɗan Maraɗi ya san labarin: tun 1983 da Tony Rinaudo ya fara lallashin manoma su bar kututturan kalgo da sabara su tofo, a datse su a bar ƴan rassa masu ƙarfi, gonakin da suka zama fili suka sake yin itatuwa. Na sha koya wa yara wannan, har da maki a jarrabawa. Abin da ban taɓa koyarwa ba shi ne tsawon reshe daga ƙasa. Na farko ya tafi da hulata. Na biyu ya share dammunan sama. Sa ya ji kaya ya yi sauƙi, ya kuma shaƙi iskar gida, sai ya ɗaga wutsiya. Na yi ta daka masa tsawa da Faransanci, shi kuwa bai yi lakwal ba. A wata kwana amalanke ya bi dama, ni na bi hagu, na sauka da mazaunai cikin ƙarangiya busasshiya wadda ta yi wata guda tana jiran mai rabo.

Da na miƙe, ga dammunan Ubangiji a warwatse tun daga bakin gona har iyakar gani, ga awakin gari sun taho godiyarsu. Sa ya isa ƙofar maigidansa da dami biyu da takalmina ɗaya.

Ban san wanda ya kai labari ba. Ina tafe ina ɗingishi da magariba, sai na hangi fitilu. Uwar zumunta ce a gaba, ga samari, ga yara, ga ƴaƴan Malam da amalanken. Ba wanda ya tambayi aikin wa ne. Ta dai ce, "Sannu Mushe, ka koma gida a cire maka ƙaya," ta wuce tana raba mutane da baki: ku bi nan, ku kore awaki, kai riƙe san. Da ta dawo ta karɓe muciya daga hannun saurayin nan, wanda ya riga ya yi gwajin wani abu da kare ya shinshina ya wuce.

Ran Lahadi kowa ya koma aikinsa na da, ban da mutum ɗaya. Tsoho ya buga ƙararrawarsa, sannan ya shigo ya tsaya gaba ya nuna takardata a bango. Ya ce shekara da shekaru yana son jan waƙa ba wanda ya taɓa tambayarsa, yau kuwa an rubuta. Ya ja ta da muryar da ba ta bi ganga ba, ganga ce ta bi ta. Muka kai ƙarshe, bai ji mun kai ba, ya sake ɗaukowa daga farko. Muka bi shi. Na waiga in ga ko Fasto ya lura cewa tsarina ya yi rana, sai na ga idonsa a rufe, kafaɗunsa na rawa.

Ni dai a tsaye na yi sujadar duka, don allurar maiɗakina ba ta gama aikinta ba. Wajen sanarwa Fasto ya gode wa Malam da ƴaƴansa, ya gode wa zumuntar mata, sannan ya ce a yi wa Mushe tafi, wanda saboda himma ko zama bai yi ba tun safe. Mata suka rangaɗa guɗa, maiɗakina ce ta fi kowa ja.