Uwargida Ta Shiga Harkar Zane

Tun ranar da uwargida ta ga wata Baturiya a YouTube tana manna tarkace a kan ƙyallen zane, takarda ta daina kwana lafiya a gidanmu. Jaridar da ban karanta ba, kwalin ashana, katin ɗaurin aure, har maɓallin kaftanina, duk sun hau allo, an bi su da gam an shafe da fenti.

Da na yi ƙorafi, sai ta ce ai Picasso ma a 1912 guntun ledar tebur ya manna a zanensa, ya kewaye shi da igiya. To, ni dai ban ji an ce ya yanka rasidin kuɗin wuta ba.

Ranar Laraba gam ya ƙare, ta dama fulawa da ruwan zafi. Ya kama kuwa! Kafin asuba kiyashi sun yi sahu, su ne 'yan kallon farko.

Hajiya ta zo, ta daɗe tana duban bango, ta ce, "'Yar nan, babu mai kwashe muku shara ne?"

Takardar filinmu yanzu tana gidan yayana.