Tuwo da Tarkon Ɓera a Landan

Ranar da zan tafi Landan karatu, Hajiya ta haɗa mini kaya kamar wanda aka tura ƙasar da ake fari. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa ƙulli uku, yaji cike da gwangwanin madara, sai kilishi da aka naɗe aka cusa tsakiyar zannuwan gado. Littattafai biyu ne kacal suka samu gurbi. A filin jirgi wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban akwatina, ya ƙi tashi. Ashe doka ta hana shiga Birtaniya da nama daga ƙasashenmu. Ina ji ina gani aka ɗauke kilishin, ma'aikacin yana ta ba ni haƙuri a hankali kamar ya zo mini ta'aziyya. Har yau karen nake zargi.

Landan gari ne da babu tukunyar da ba a ɗora ba. Larabawa sun cika titin Edgware da shawarma, mutanen Bangaladash sun riƙe Brick Lane, 'yan Sin sun rataye gasassun agwagi a tagogin unguwarsu. To mu ɗaliban Arewa me muke yi da wannan arziki? Ranar Asabar sai mu hau bas mu nufi Peckham, mu bi titin Rye Lane mu sayo garin shinkafa da manja da attaruhu, mu dawo mu tuƙa tuwo. Mun ƙetare Sahara da teku don mu ci abin da muka baro a Fagge. Dare na farko da na soya manja a kicin ɗin ɗalibai, ƙararrawar gobara ta ɗauka, aka fito da kowa waje cikin sanyi, wani da bargo, wani ba takalmi. Ana ta tambayar wa ya jawo wannan. Ni ma na taya su tambaya, na manta da muciya a hannuna.

Ba wai ban gwada nasu ba. Na ci soyayyen kifi da dankalin da suke ji da shi. Suka yayyafa ruwan tsami, suka ɗora wani koren wake da aka dame kamar za a ba jariri. Na ci loma ɗaya, na duba hagu da dama, na zaro yaji daga aljihu. Ba na jin kunya, domin su ma guduwa suke yi: a 2001 ministansu na harkokin waje, Robin Cook, da bakinsa ya ce kaza da miyar Indiya ta zama abincin ƙasa.

Amma babban abin da ke hana mu cin gari shi ne lissafi. Bakano ba ya ganin fam, naira yake gani. Kofin shayi ya zama kuɗin kwanon shinkafa, faranti guda ya zama buhun siminti. Kafin a kawo abincin ka riga ka gina rabin katanga a Hotoro, sai ka ce wa mai kawowa ka fasa, azumi kake. Haka ma gidajen wasan kwaikwayo na West End. Ɗan'uwanmu zai sa babbar rigar sanyi, ya tsaya ƙofar Lyceum inda ake nuna The Lion King tun 1999, ya ɗaga yatsu biyu, a ɗauke shi hoto. Hoton ya hau WhatsApp, shi kuma ya hau bas. Mutanen gida suna ta addu'ar Allah ya sa ya kammala da wannan zaki lafiya.

Abokina Bazazzage ne ya ja ni na shiga, shi ma don ya ji tikitin tsayuwa fam biyar ne a lokacin. Muka je Globe, gidan wasan Shakespeare da ke bakin kogin Thames. Na asalin an gina shi a 1599, ya ƙone a 1613 sa'ad da aka harba igwa ana cikin wasa, wuta ta kama rufin. Wannan na yanzu a 1997 aka buɗe shi. Na ɗaga kai, me zan gani? Jinka. Ciyawa ce zalla, irin wadda kakana ya sayar da sa biyu ya rabu da ita ya sa kwano. An ce tun babbar gobarar 1666 ba a bari an yi rufin ciyawa a Landan ba sai wannan. Na ce wa Bazazzage, “Mutumina, bukka muka biya kuɗi muka shigo.” Ya ce ai ko Kanawa sun fi kowa sanin darajar abin da aka sa wa farashi.

Tsakiyar gidan fili ne ba rufi, mutum ɗari bakwai yake ɗauka a tsaye, kuma ba a yarda a buɗe laima ba. Ruwa ya sauko, muka sha shi tas. Wasan kuwa na san shi tun a gida, shi ne wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Da aka zo inda aka yaudari sarkin gidan nan mai girman kai da wasiƙar ƙarya, ya fito da rawayar safa yana yaƙe wa uwargijiyarsa haƙora, sai na ga Turawa suna ihu, suna shewa, ɗan wasa yana tsokanar 'yan kallo suna mayar masa. Na ce ashe dandali ne. Na saki murya yadda na saba a gidan kallo na unguwa, babu wanda ya ce kanzil.

Da dare na kira gida da ɗokina. Alhaji ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Wato karatu na tura ka ko kallon 'yan kama?” Na ce, “Baba, ai adabi ne.” Ya ce adabi da ladabi harafi ɗaya ya raba su, in kula kada ya faɗi. Hajiya ta karɓi wayar, ita tambayarta ɗaya ce: na ci abinci?

To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, tunda na riga na yi shelar ni ɗan gari ne. Muka haɗa kuɗi muka sayi kujerun can sama, kusa da silin, don kallon The Mousetrap na Agatha Christie, wato tarkon ɓera. Ana nuna shi tun 1952, kafin Sarauniya ta zo Kaduna kallon hawan daba a 1956, kuma in ban da hutun dole na annobar korona ba a daina ba. Labarin wasu baƙi ne da ƙanƙara ta tsare a masauki, akwai mai kisa a cikinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ƙarshe ana roƙon 'yan kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan, kuma wai suna riƙewa. Fiye da shekara saba'in! A garinmu kafin a rufe labule an kai wa mai shayi, kafin asuba an ƙara wasu gawawwaki biyu da kishiya.

Kuskurena biyu. Na farko, na ɗauka dokar bukka ce ke aiki a nan. Wurin tsit, ko tari sai an nemi gafara. Aka zo inda aka kashe fitila, wata tsohuwa ita kaɗai a falo, ƙofa tana buɗewa a hankali. Ban san lokacin da na ce “Bayanki!” ba. Layi uku suka juyo. Wata dattijuwa ta dube ni ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba, amma sai da na ji har a ƙashina. Na biyu, kafin mu fito na ce ba zan sayi abincin cikin gari da tsada ba, na nannaga malmala uku da miyar kuka. Ga ɗumi, ga duhu, ga kujera mai laushi. Bayan hutun rabin lokaci na ji an ce ɗan sanda zai tara kowa a falo, daga nan sai tafi ya tashe ni. Ɗan wasa yana gaban labule yana roƙonmu mu riƙe sirri, ni kuma ina goge miyau.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na matsa kusa da Bazazzage, na ce, “Don Allah wa ya kashe ta?” Ya gyara hularsa ya ce shi ya ɗauki alkawari a gaban jama'a, kuma Zage-zagi ba sa cin amana. Na yi masa tayin sauran daddawata. Ya ce in ƙara da gwangwanin yajin.

Ban ba shi ba. Yanzu in an zauna hira a majalisa aka tambaye ni, sai in gyara zama in ce ai mu da muka kalla an hana mu faɗa.