Bayan Ɓarawo, Sai 'Yan Jaje

Duk wanda ya biyo titin Ali Akilu daga cikin garin Kaduna ya nufi Kawo, kafin ya kai gadar sama sai ya ratsa ta gefen Unguwar Kanawa. Maƙwabciyarta ita ce tsohuwar harabar NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1964, gaba kaɗan kuma ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya. Baƙo zai zaci mutanen nan a buɗe suke barin ƙofa su kwanta. Ina! Soja ƙasa yake tsaro, tukunyar gas ɗin uwargida ba ta cikin aikinsa. Tun ma daga ranar 24 ga Agusta 2021, da 'yan bindiga suka kutsa sabuwar harabar makarantar da ke Afaka, suka kashe hafsoshi biyu suka tafi da ɗaya, masu tinƙaho da maƙwabtaka suka yi shiru, kowa ya koma yana gwada ƙarfin sakatarsa.

Zage-zagi, abokan wasan Kanawa, sun daɗe suna cewa Bakano ba ya sakin kwabo sai ya ga inda zai haihu. To yanzu dai tsokanar ta mutu, domin tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowa a Kaduna ya zama Bakano. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta tsallake 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Buhun shinkafa ya doshi naira 100,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar. Gwamna Uba Sani ya amince da naira 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, wato a lokacin ma'aikaci ya yi wata guda yana sa hannu a rajista bai tara kuɗin buhu ɗaya ba.

Daga nan ilimin tsimi ya bunƙasa, kuma malamansa mata ne. A gidan da ake da tarbiyya ba a yar da kwalin man goge baki sai an tsaga cikinsa da reza an kwashe na lungu. Guntayen sabulu ana tara su a cusa cikin tsohuwar safa, su sake rayuwa ta biyu a bakin famfo. Dunƙulen magi ana raba shi biyu, rabi na rana, rabi na dare. Awara ta gaji kujerar nama, madara ta yi ƙaura daga shayi, afafata da a da ake watsa wa kaji da kifi ta samu shiga tukunya da sunan shinkafa. Murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha tun ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya dawo bakin aiki, ita kuwa tukunyar gas an ajiye ta a kusurwa, ba a kunna ta sai maigida ya yi baƙin kunya. Yaro ya bar ƙwan lantarki a kunne, a ranar zai ji tarihin kakansa, domin mitar kati ba ta san ɗan gida ba.

Duk wannan wahala ana yin ta ne don a rage wani abu a ajiye. A ina? Nan fa wayon ya ƙare. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ya kwana da yunwa, mutane da yawa suka rantse ba za su ƙara barin tsabarsu duka a hannun banki ba. Sai aka koma gidan jiya: ƙarƙashin katifa, cikin matashin kai, bayan hoton aure, ƙasan leda, cikin samira ta uku daga sama a jeren kayan ɗaki, ko cikin tiyar wake. Kowace uwargida tana ganin ita kaɗai Allah ya ba wannan basira. Ta manta cewa shi ma ɓarawon uwa ce ta haife shi, kuma tun yana rarrafe yake kallon inda take ɓoye kuɗin adashi.

Yakan zo ne a daren da aka ɗauke wuta, ko daren ruwan sama mai dukan kwano, ko da rana tsaka lokacin da gida ya tafi biki. Ba ya ɓata lokaci. Wayoyin da ke jikin caja, talabijin, batirin sola, janareta, keken ɗinki, turamen atamfa da ake tara wa 'yar gida, da tukunyar gas ɗin nan da aka yi wata uku ana lallaɓawa. Shi kaɗai ne ya ci moriyar tsimin, don a cike ya same ta.

Da asuba sai salati ya tashi. Kafin rana ta fito labari ya kai Hayin Banki, ya tsallaka Unguwar Shanu da Abakpa, ya leƙa Unguwar Dosa da Badarawa. Kuma a wannan safiyar ne ake gudanar da binciken kuɗi mafi tsanani a tarihin auren. Maigidan da ya yi wata shida yana amsa kowace buƙata da "wallahi babu", wanda ya ce a yi haƙuri da kuɗin Islamiyya, ya ce ɗinkin Sallah sai baɗi, shi ne yanzu a tsakar gida hannu bisa kai yana faɗin adadin da aka ɗauke masa a cikin tsohon takalmi. Uwargida ta tsaya da kukan, ta juyo. "Malam, nawa ka ce?" Shi ma bai gama haɗiye yawu ba sai ya ji tana lissafa wa ƙanwarta sarƙar gwal da 'yan kunne waɗanda bai taɓa sanin sun kwana a gidansa ba. "Wace sarƙa kuma?" Ɓarawo ya tafi da kaya, ya bar musu shari'ar da sai an kira waliyyai.

Sai 'yan jaje. A nan ne asara ta biyu take farawa, kuma wani lokaci ta fi ta farko tsawon rai. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mata suna cika ɗaki. "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri." "Allah ya tsare gaba." "Allah ya tona asirinsu." Addu'a ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma bakin da ya yi addu'a yana buƙatar ruwa, kuma ba a ba baƙo ruwan randa a zamanin nan, sai na leda mai sanyi. Gwaggo ta taso tun daga Rigasa, ba za a bar ta ta koma da yunwa ba, ba kuma za a bar ta ta biya kuɗin Keke da kanta ba. Ragowar shinkafar da ɓarawo ya raina, ita ake ɗorawa a wuta. Magin da ake rabawa biyu yanzu huɗu ake jefawa, kada a ce gidan wane miyarsu lami.

Kowane mai jaje kuma sai an ba shi labarin daga farko, an kai shi ya ga inda aka haura, ya taɓa kwaɗon da aka ɓalle, ya girgiza kai. A bakin mai gida kayan suna ta girma. Talabijin ɗin da da safe aka ce madaidaiciya ce, da la'asar ta kusa cika bango. Wayar da fuskarta ta tsage tun bara ta zama sabuwa a kwali.

Abin da bai taɓa yin tsada a Kaduna ba shi ne shawara. Wanda ko kaza ba a taɓa sace masa ba, don ba shi da ita, shi ne zai gyara zama ya ce ai katangar ce ta yi gajarta. Wani ya ce a samo kare, wani ya ce kare yana hana mala'iku shiga, a samo dai agwagwa ko zabi. Wani ya ce da an sa kuɗin a banki, alhali shi nasa suna cikin hular da ke kansa. Akwai kuma mai binciken unguwa, wanda zai rage murya ya ce, "Alhaji, wannan aikin na gida ne. Da ɗan gari akan ci gari." Daga wannan jumla zargi ya samu ƙafa. Almajirin da ya shekara biyar yana yi wa gidan wanke-wanke shi ne na farko, don ba shi da mai tsaya masa. Sai ɗan kishiya, sai sabon ɗan haya, sai mai jari-bola da ya wuce da kurarsa shekaranjiya. Zumuncin da aka gina tun zamanin iyaye yakan rushe a kan zato, kayan kuma ba su dawo ba.

Idan zato bai kama kowa ba sai a koma barazana. A sa yaro ya zaga lungu yana shelar cewa an ba ɓarawo kwana uku, in bai dawo da kaya ba za a ja masa Yasin. Wani lokaci abin yana aiki, a wayi gari a ga an jefo wani abu ta katanga. Yawanci dai abin da ake jefowa shi ne jakar da babu komai a ciki, da katin zaɓe, da layin waya. Ɓarawon zamani yana tsoron Allah daidai gwargwadon abin da ba zai sayu ba.

Caji ofis kuwa, maigida yakan tsaya ya yi lissafi kafin ya je. 'Yan sandan Najeriya ba su kai 400,000 ba, jama'a kuma sun haura miliyan 200, ga wani kaso mai yawa na jami'an ya daɗe yana riƙe wa manya jaka. Wanda ya je zai rubuta bayani, a tambaye shi wa yake zargi, a nemi rasit da kwalin waya, waɗanda uwargida ta hura gawayi da su tuntuni saboda tsimi. A bango an rubuta cewa beli kyauta ne, amma ba a rubuta cewa mota tana tafiya da ruwa ba. Da yawa sukan dawo gida su ce sun bar wa Allah, wanda a mafi yawan lokuta ma'anarsa ita ce kuɗin bin sawun wayar ya fi kuɗin wayar. Inshora kuma ba a ma kawo zancenta, a ƙasar da duk harkar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arziki ba.

Wanda kakarsa ta yanke saƙa shi ne mai walda. Mutumin da ya yi shekara yana cewa ba shi da kuɗin gyaran sakata, a mako guda zai ci bashi ya sa ƙofar ƙarfe, ya dasa ƙarafa a kowace taga, ya ƙara layi uku na bulo, ya jera fasassun kwalabe a kai, ya sayo kwaɗo mai girman kan jariri daga Panteka. Ihu bayan hari ke nan: an kashe kuɗi mai yawa ana tsaron ɗakin da ba abin da ya rage a ciki sai tabarma da agogon bango. Ba wanda yake tambayar ta ina iyali za su fita in gobara ta tashi cikin hunturu, alhali mabuɗin yana ƙarƙashin matashin maigida, shi kuma yana majalisa.

Haka batun sintiri. Jihar tana da rundunarta ta KADVS, wadda aka ƙara wa mutum 7,000 a 2023, amma lungu-lungu har yanzu samarin unguwa ne masu gora da tocila da usur suke kwana a tsaye, kuma da karo-karon gidaje ake sallamarsu. Duk wata in sun zo karɓa, akwai gidan da yaro zai leƙo ya ce, "Baba ya ce ba ya nan." To a bar shi sai an shiga gidan nasa. Washegari shi ne a gaban mai unguwa yana buga ƙirji, yana neman a kira taron gaggawa, yana tambayar ina 'yan sintiri suke lokacin da abin ya faru.

Bayan mako biyu ƙura takan lafa. An koma ƙaramar waya 'yar rakani-kashi, an koma kallon ƙwallo a gidan kallo, uwargida ta shiga sabon adashi, ta kuma samo sabuwar maɓoya wadda ba wanda zai taɓa ganowa, wato samira ta huɗu. Sai wata magariba wani yaro ya tsaya kusa da maigida, ya waiga hagu da dama, ya zaro waya mai kyau daga aljihu. Ba kwali, ba caja, ba rasit, hoton wata baiwar Allah da jaririnta ma yana kan fuskar. Kuɗinta kashi ɗaya cikin uku na farashin kasuwa. "Yayana ne ya matsu, Alhaji." Mutumin da ya yi kwana goma sha huɗu yana tsine wa ɓarayi, wanda har ya ce a kama su a yanke hannu, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Rage mini wani abu mana." Ya shiga gida yana murna Allah ya mayar da alheri, matarsa ta yaba masa da iya ciniki.

A wannan magaribar akwai wani gida a Kawo ko Malali da aka shimfiɗa tabarmar jaje saboda wannan wayar. Ba wanda ke haura katanga da tukunyar gas a kai don ya dafa shayi da ita. Yana yi ne don ya tabbata kafin azahar wani mai son araha zai karɓe ta bai tambayi komai ba. Masu wannan ciniki kuwa ba baƙi ba ne, suna sahun gaba wajen jaje, wasunsu ma su ne ke jan addu'a. Dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 ta tanadi hukunci ga duk wanda ya karɓi kaya yana sane, ko yana da dalilin zaton, cewa na sata ne, kuma ba ta ware wanda aka taɓa yi wa sata ba. Don haka, Alhaji, in yaron ya dawo da talabijin, a tambaye shi rasit.